04/10/1962: Wace Rana Ce Wannan?

Idan ka nuna wa ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru waɗannan lambobi, zai ce maka 4 ga Oktoba, 1962 ce, ranar da aka buɗe jami'arsu. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuwa 10 ga Afrilu za ta karanta, domin su wata suke fara rubutawa. Mu tsarin Ingila muka gada: rana, sannan wata.

A zamanin takarda abin bai cika damun kowa ba. Akawun tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari, ko ma'aikacin cibiyar binciken noma ta Samaru da aka kafa a 1922, shi da mai duba rajistarsa tsari ɗaya suka sani. Da kwamfuta ta zo, sai aka riƙa rubuta shekara da lamba biyu don tsimin wuri. To "22" ɗin nan, 1922 ce ko 2022? Irin wannan ruɗani ne ya tayar da hankalin duniya gab da shekarar 2000.

Ka ga, abin da ka buga a fom na intanet rubutu ne kawai, sai manhaja ta juya shi zuwa lamba. Tsarin Unix, wanda manhajoji da yawa suke bi, yana ƙirga sakan-sakan ne daga 1 ga Janairu, 1970 a agogon GMT. Najeriya tana gaban wannan agogo da awa ɗaya. Daidai lokacin da 4 ga wata ya shiga a Zariya, a can ƙarfe 11 ne na daren 3 ga wata. In mai rubuta manhajar bai lura ba, shi ke nan, ranar haihuwarka ta koma baya da kwana ɗaya.

A 1988 hukumar ISO ta fitar da ma'auni mai lamba 8601: shekara cikakkiya, wata, sannan rana, wato 1962-10-04. Da wannan tsari akwatin zaɓen kwanan wata na shafukan intanet yake aika bayani yau, ko da wani salo ya nuna maka a allo.

Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma gyaran ranar haihuwa yana cin lokaci da kuɗi. Don haka in ka je cike fom a shagon intanet a Samaru ko Sabon Gari, kada ka tashi sai ka ga sunan watan da haruffa, ko ka tabbatar wace lamba ce rana, wace ce wata.