tazarar amo

tazarar amo (suna, mace, fannin lantarki da sauti) Nisan da ke tsakanin sauti mafi rauni da na'ura ke iya fitarwa kafin hucinta ya haɗiye shi, da sauti mafi ƙarfi kafin ya fara tsagewa. Da desibel ake auna ta. A sautin dijital, kowane bit ɗaya yana ƙara kusan desibel 6, shi ya sa faifan CD mai bit 16 ke da kusan desibel 96.

A amfilifaya ajin D, wadda kamfanin Sinclair na Ingila ya fara sayarwa a 1964, lamarin yana da ɗan wuya. Ita kunna wuta take yi tana kashewa cikin tsananin sauri, faɗin kowane bugu kuma shi ke ɗauke da ƙarfin sautin. Ke nan, a irin wadda ke sarrafa sautin dijital kai tsaye, ingancinta ya rataya ga yadda agogon ciki ke yanka lokaci ƙanana-ƙanana. Raba bugu gida 65,536 har sau 44,100 a daƙiƙa, don a kamo ingancin CD, na buƙatar agogo mai bugun kusan biliyan 2.9, abin da ba ya biyan wahala a kayan gida. Sai injiniyoyi suka rage yawan matakan, suka ninka saurin bugun, suka kora hayaniyar da ta biyo baya can sama da haz 20,000, inda kunnen mutum bai kai ba.

*Misali:* Tazarar amon lasifikar nan ƙarama ce, in mawaƙi ya sassauta murya sai ka ji tana huci.