Inuwar Anodos: Karanta Phantastes na George MacDonald da Idon Mai Bi

A cikin masu karanta C. S. Lewis, kaɗan ne suka taɓa buɗe littafin da shi kansa ya ce ya sauya masa alƙibla. A shekarar 1916, yana saurayi wanda ya juya wa addini baya, ya sayi Phantastes na George MacDonald a tashar jirgin ƙasa ta Leatherhead a Ingila. Daga baya ya bayyana cewa littafin ya yi wa tunaninsa baftisma tun kafin hankalinsa ya amince da Almasihu. Almajirin ya yi suna, malamin kuwa ya koma gefe, kuma a ganina masu bi ne suka fi tafka asara da wannan mantuwa.

An haifi George MacDonald a garin Huntly na Sikotilan a 1824, ya rasu a 1905. A 1850 ya zama fasto a wata ikilisiya a Arundel, amma zaman bai yi nisa ba. Dattawan ikilisiyar sun zarge shi da ɗauko tauhidin Jamusawa, da kuma sa rai cewa jinƙan Allah zai iya riskar waɗanda suka mutu ba su ji bishara ba. Suka rage masa albashi, a 1853 ya ajiye aikin. Phantastes ya fito a Landan a 1858, wato aikin mai wa'azi ne da aka raba da bagadinsa, ya nemi wata hanyar faɗin abin da ke cinsa.

Labarin Anodos ne, saurayi da ya cika shekara 21, ya wayi gari ɗakin kwanansa ya rikiɗe ya zama daji. A ƙasar aljanu ya tarar da mace ta dutsen marmara, ya tashe ta da waƙa, ta gudu, ya bi ta. Mai neman tsari irin na The Pilgrim's Progress na John Bunyan, inda kowane mutum ke ɗauke da sunan halinsa, zai gaji da wannan littafi. MacDonald ya yi koyi da Novalis, marubucin Jamus, ya gina labarin kamar mafarki. Ba a yin wa'azi a ciki. Wannan ne ya sa wasu ke cewa babu Kiristanci a cikinsa, ni kuwa ina ganin sun nemi abin a inda ba ya nan.

A dubi inuwar. An gargaɗi Anodos kada ya buɗe wata ƙofa a wata bukka, ya buɗe, wata baƙar inuwa ta fito ta manne masa. Duk abin da ta faɗa a kansa sai ya rasa kwarjininsa: yaro mai haske a ka ya koma yaron ƙauye kawai, furanni su ƙone. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne Anodos ya fara alfahari da ita, yana ganin ta buɗe masa ido ya daina ruɗuwa. Samun bayanin zunubi mai zurfi kamar wannan a adabi yana da wuya. Zunubi a nan ya wuce karya doka. Son kai ne da ya shiga ido, har mutum ya ɗauki makantarsa a matsayin wayewa. A ƙarƙashin wannan inuwa ne Anodos ya fizge wata ƙwallon lu'ulu'u daga hannun wata yarinya, ta fashe, yarinyar ta tafi tana kuka.

Nan ne MacDonald ya nuna gwanintarsa ta tauhidi. Bayan Anodos ya kashe ƙato a yaƙi, girman kai ya kumbura shi, wani jarumi mai kama da shi sak ya kulle shi a hasumiya. Wadda ta zo ta rera waƙar da ta sa ya tura ƙofar ya fita ita ce yarinyar nan da ya cuta. Alheri ya zo masa ta hannun wadda ke da hakki a kansa, ba tare da ya cancanta ba. Daga nan ya tuɓe sulke, ya zama baran jarumin da matar marmara take ƙauna, ya haƙura da ita. Ƙarshenta ya ba da ransa don fallasa dodon da ke ɓoye ƙarƙashin gunkin da ake yi wa hadaya da mutane. Mai bi zai tuna da koyarwar Yesu a Bisharar Yahaya sura 12 kan ƙwayar alkama da sai ta mutu take ba da 'ya'ya. Lewis ma ya lura cewa mutuwa mai kyau ita ce ƙashin bayan littafin.

Littafin yana da rauni. Waƙoƙin da aka cusa a ciki ba duka suka yi armashi ba, wasu babukan kuma suna jan ƙafa. Akwai kuma batu mafi nauyi: a shafin ƙarshe Anodos yana kallon abin da muke kira mugunta a matsayin siffar da alheri ya ɗauka gwargwadon halin mutum a lokacin. Wannan tunani ne ya girma ya zama begen ceton kowa da kowa a littafin MacDonald mai suna Lilith na 1895, kuma yawancin ikilisiyoyi ba su karɓe shi ba. Ban yarda da MacDonald a nan ba, domin Littafi Mai Tsarki yana kiran mugunta da sunanta. Lewis ma bai bi shi har can ba, duk da haka a littafinsa The Great Divorce na 1945 MacDonald ɗin ya zaɓa ya zama jagoransa a bakin sama, ya sa shi yana amsa tambaya kan wannan batu na ceton kowa.