Naipaul da Musulmin da ba Balarabe ba

Duk lokacin da maganar Iran ta dawo cikin labarai, sai in ga 'yan'uwa suna ta yaɗa sharhin baƙi masu yi wa duniya fassarar Musulmi. Abin nan ya daɗe, jama'a.

A 1979, watanni kaɗan bayan faɗuwar Shah, marubuci V.S. Naipaul, haifaffen Trinidad mai tsatson Indiya, ya zaga Iran da Pakistan da Malesiya da Indonesiya. Littafin tafiyar, Among the Believers, ya fito a 1981. Ya sake komawa ƙasashen, ya fitar da Beyond Belief a 1998. A 2001 aka ba shi kyautar Nobel.

Gaskiya ya ga abubuwa. A Ƙum ya zauna da Ayatullah Khalkhali, alƙalin da ya yi ƙaurin suna wajen yanke hukuncin kisa cikin gaggawa. Pakistan kuwa ya same ta a hannun Janar Ziya'ul Haƙ, wanda ya yi juyin mulki a 1977, aka rataye Bhutto a zamaninsa, yana kuma fakewa da shari'a don ya daɗe kan mulki. Wannan ba ƙage ba ne.

Inda na rabu da shi shi ne hukuncin da ya yanke: wai duk Musulmin da ba Balarabe ba tubabbe ne, Musulunci ya raba shi da tarihinsa. To, tarihi bai yarda ba. Iraniyawa sun fi shekara dubu a Musulunci, suna nan da Farisancinsu da bikin Nauruz. A Indonesiya, Abdurrahman Wahid da Naipaul ya tattauna da shi ya jagoranci Nahdlatul Ulama, ya zama shugaban ƙasa a 1999, ya tsaya wa tsiraru. Mu ma nan, Nana Asma'u da Fulatanci da Hausa ta karantar da mata, ban da Larabci.

Mutumin da tafinta ya yi wasu daga cikin hirarrakinsa. Edward Said ya soke shi sosai, ba kuwa a banza ba.

Ni dai shawarata, a karanta shi don sanin yadda masu mulki suka yi amfani da addini a 1979. Amma tarihinmu, mu nemi malamanmu da littattafanmu. Allah Ya sa mu dace.