Daga Yaƙin Bama Zuwa Dapchi: Raunin Da Ido Ba Ya Gani



A shekarun 1944 da 1945, dubban matasan Arewa sun gwabza da Japanawa a dazukan Bama, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma. Wasu sun dawo gida babu ko ƙwarzane a jikinsu, amma barci ya ƙaurace musu, ƙara kaɗan sai su zabura. Irin wannan, a wurinmu akan ce mutum ya gamu da iska.

Likitoci sun daɗe suna bin sawun abin. A 1871 wani likita, Jacob Da Costa, ya yi rubutu kan sojojin yaƙin basasar Amurka da zuciyarsu ke bugawa da sauri ba tare da wani dalili da ake gani ba. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta raɗa wa ciwon suna PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali.

Daga nan aka shiga neman alamarsa a jiki. A 1990 Rachel Yehuda ta gano ƙarancin kotizol, sinadarin da jiki ke saki lokacin damuwa, a fitsarin tsoffin sojoji masu ciwon. A 1995 Douglas Bremner ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasunsu, ya tarar ɓangaren da ke adana tunani ya gaza na sauran mutane girma da kusan kashi 8 cikin ɗari. Amma binciken tagwaye na 2002 ya nuna 'yan uwansu da ba su je yaƙi ba su ma haka nasu yake, wato wataƙila ƙanƙantar ta riga yaƙin. Har yau babu gwajin jinin da ke tabbatar da ciwon, sai likita ya zauna da mutum ya saurare shi.

Me ya kawo wannan magana? Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace ɗalibai mata 110 a Dapchi. Su da iyayensu, da sojoji da 'yan banga da mafarautan da suka yi shekaru a daji, da yawansu na ɗauke da abin da suka gani. Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Idan ɗan uwanka ya daina barci, ko fushi ya yi masa yawa, a haɗa addu'a da magani. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri.

Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.