Wa ke ciyar da wani a tsakiyar damina?



A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskar lafiya, ilimi, muhalli da aikin yi. Da na ji haka sai na ce, shin wai da wane mudu ake auna ƙarfin ƙauye irin namu na Rimin Gado?

Awon nan ba yau aka fara shi ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an baza malaman taki suna auna gonaki da ƙafa, ana ƙirga magidanta don haraji, shanu kuma don jangali. To wanda ya zo ƙirga ka don ya karɓa, ai ba ka buɗe masa rumbu. Haka aka yi ta ɓoyo har Abubakar Rimi ya soke haraji a 1979.

Ni awon da ya fi kwanta mini shi ne na wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967. Ta auna gonaki kam. Amma da ta zo gane mai hali da maras hali, sai ta koma wajen mutanen garin da suka san kowa, suka kasa magidanta kashi huɗu. Tambayar guda ce: in amfanin gona ya yi latti ko ya ƙi, yaya gidan wane yake? Akwai wanda yunwa ke kayarwa, da wanda take ɗan taɓawa, da wanda ke tsira da kansa kawai. Na sama kuwa shi ne mai buɗe rumbu ya ba wasu, kyauta ko rance.

Ku lura fa, ba yawan damman da ya tara ne ya kai shi sama ba, hannun da ya miƙa ne.

Bara masu ɗaukar bayanai sun zo gidanmu da waya a hannu. Sun tambayi rufin ɗaki, da masai, da inda muke ɗebo ruwa. Duk daidai ne. Sai dai ba wanda ya tambaya ko har yanzu ana gayya, ko gandu nawa ya watse tun da samari suka koma birni tuƙin adaidaita sahu. A unguwarmu, da ina yaro gida biyar na sani da ake zuwa rancen dawa a watan Agusta. Bana na ƙirga, saura biyu.