Hasumiyar Gobarau da Tsofaffin Majami'un Turai: Tsokaci a Kan Tsufan Gini

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1903 ne Gwamna Lugga ya shiga birnin Katsina ta Ƙofar 'Yandaka, Sarkin Katsina Abubakar ya karɓe shi ba tare da an gwabza yaƙi ba. A cikin birnin da ya iske babu ginin ibada da ya kai Gobarau tsufa da suna, amma a lokacin an daɗe da ƙaurace wa masallacin, hasumiyar kuwa damina na ta cin ta. Wata takwas kafin haka, ranar 14 ga Yuli 1902, hasumiyar majami'ar San Marko da ke birnin Benis na ƙasar Italiya ta zube ƙasa warwas. Wannan maƙala za ta kwatanta makomar gine-ginen biyu, domin a gane inda tsufan gini yake, ko a jikin ƙasa da dutsen da aka yi shi da su, ko kuwa a hannun masu kula da shi.

Asalin Gobarau

Tarihin baka ya danganta ginin masallacin Gobarau da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, wasu ruwayoyi kuma suna haɗa shi da zuwan Shehu Magili wajen ƙarshen wannan ƙarni. Ko wace ruwaya aka ɗauka, an dai haɗu a kan cewa nan ne masallacin Juma'a na birni, kuma cibiyar karatu a garin da daga baya ya fitar da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, Sarki Ummarun Dallaje ya gina sabon masallacin Juma'a, aka daina salla a Gobarau. Ginin ƙasa kuwa in ya rasa mai yaɓe ya rasa rai, saboda haka masallacin ya narke, hasumiyar kaɗai ta tsira. Sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) aka tara magina suka gyara ta. Hasumiyar da ake gani a yau, mai tsawon kimanin mita 15, a kan wannan gyara take tsaye.

Daga nan ne wasu suke yin gardama cewa tun da hannun maginan ƙarni na 20 ya ratsa ta, ba ta cancanci a jera ta da majami'un Turai na dutse ba, waɗanda ake ɗauka suna nan yadda magabata suka bar su.

Abin da tarihin majami'un ya nuna

In aka duba da kyau, wannan zato bai da tushe. Hasumiyar San Marko, mai tsawon kusan mita 99, sake gina ta aka yi daga ƙasa, a inda take kuma a siffarta ta da, aka buɗe ta a 1912. Babbar majami'ar Kolon ta Jamus an aza harsashinta a 1248, aiki ya tsaya ɗaruruwan shekaru, aka ci gaba a 1842, aka gama a 1880. Watau hasumiyoyinta biyu da ake yi wa kallon na dauri, an kammala su ne bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da fiye da shekara 60. Haka kuma majami'ar Notiradam ta birnin Faris, wadda aka fara a 1163: tsinin da gobara ta cinye ranar 15 ga Afrilu 2019 aikin ƙarni na 19 ne, an kuma sake yin irinsa da katako da darma kafin a buɗe majami'ar a Disamba 2024. Babu wanda ya ce waɗannan gine-gine sun fita daga tarihi don an sake su.

Bambancin dutse da ƙasa, ashe, na tazarar lokaci ne. Dutse yakan jira shekaru masu yawa kafin ya nemi gyara, tubali da azara kuwa kusan kowace damina sai an duba su, a gyara indararo, a sabunta yaɓe da makuba. Hasumiyar Agadas shaida ce: an gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844, ga ta nan tsaye mita 27, har hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Masanan adana gine-gine su ma sun gyara ma'auninsu. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta fi ba da ƙarfi ga kayan gini na asali, amma takardar Nara ta 1994 ta yarda cewa sana'a da al'ada da amfanin da ake yi da gini suna cikin abin da ke tabbatar da sahihancinsa.

Kammalawa

Gyaran Sarki Dikko bai rage wa Gobarau daraja ba, shi ne ma ya sa ta kawo yau. Haɗarin da ke gabanta shi ne yankewar sana'ar da ta raya ta. Mafi yawan ganuwar Katsina, wadda Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya gani a 1851, ta riga ta shafe, wasu ƙofofin kuma an mayar da su na siminti, sunan na nan amma ginin ya zama wani abu dabam. Faransa ta iya mayar da Notiradam cikin shekara biyar ne domin tana da kafintoci da masassaƙan dutse da suka gaji aikin, tana kuma da awo da zanen ginin a ajiye. Saboda haka abu biyu sun wajaba a kan jami'o'i da masarauta da hukumar kula da kayan tarihi: a auna Gobarau a zana ta dalla-dalla, sa'an nan a tattara ilmin tsofaffin magina, da kalmominsu na aiki, a koya wa matasa tun masu shi suna raye.