Gidan Bajamushe a Allon Majigi da na Sinima

Dattawan ƙasar Gwandu ba su cewa Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai Yaƙin Hitila. Wannan suna kaɗai ya isa nuna yadda labarin ya iso gare su, watau an tattara al'umma guda an cusa ta cikin rigar mutum ɗaya. Manomin Jiga Makera ko na Maiyama wanda ya ci kasuwar Jega tsakanin 1939 da 1945 ya ji sunan Hitila a bakin sankira, ya ji shi a bakin mai karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairun 1939 Malam Abubakar Imam yana editanta. Amma babu wanda ya gaya masa cewa Jamus tana da maƙera da masu tallar burodi da tsofaffi masu jikoki. Nufin wannan maƙala shi ne a bi sawun yadda finafinan yaƙi suka yi da gidan talakan Jamus, daga lokacin da aka ɓoye mana shi har zuwa lokacin da aka buɗe ƙofarsa.

A shekarar 1939 Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mallaka, ta ɗora William Sellers a kansa, wani jami'in tsafta wanda ya daɗe yana yawo da majigi a Nijeriya yana nuna illar ɓera da ƙazanta. Motar majigi kan sauka a gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko gidan hakimi, tafinta ya riƙe lasifika yana fassara. Daga cikin abin da sashen ya fara fitarwa akwai Mr English at Home, na 1940. Fim ne na wuni guda a gidan wani kafinta Bature: ya tashi, ya karya, ya tafi aiki, yara suka tafi makaranta, uwargida ta yi share-share ta tafi cefane. Babu harbi ko ɗaya a ciki, amma makamin yaƙi ne sosai, domin ya shigar da mai kallo har madafar Ingilishi ya mai da shi kamar maƙwabci. Bajamushe kuwa ba a ba shi gida ba. In ya fito a labarun yaƙi, to, soja ne cikin sahu, ko jirgi mai zubo wuta, ko fursuna hannu sama. Wanda aka shiga gidansa shi ake tausaya wa, masu majigi kuwa sun san haka sarai.

A daidai wannan shekara ta 1940 kamfanin MGM na Amurka ya fitar da The Mortal Storm, wanda Frank Borzage ya shirya, kuma ana iya cewa shi ne ya yanka wa na bayansa tsari. Labarin ya fara ran 30 ga Janairu 1933, iyalin Shehun Malami Roth suna tsakiyar walimar cikarsa shekara 60, sai rediyo ta sanar an naɗa Hitila shugaban gwamnati. Nan take akushi ya rabu biyu. Agololin gidan biyu da saurayin 'yar gidan suka tashi suna murna, sauran suka yi jugum. Daga baya malamin ya ƙi yarda ya koyar da cewa jinin wata kabila ya bambanta da na wata, aka kai shi sansanin tsaro ya mutu can, 'yar kuma aka harbe ta a kan iyakar Ostiriya, tsohon saurayin nata yana jagorancin masu sintirin. Hikimar fim ɗin ita ce ya nuna mulkin kama-karya ba daga waje yake fasa gida ba, ta bakin 'ya'yan gidan yake shigowa. Rauninsa kuwa, ya raba mutane kashi biyu tas, jarumai da azzalumai, har ma ya yi ta kewaye-kewaye bai fito fili ya ce malamin Bayahude ne ba.

Tarihi bai rabu haka ba. A zaɓen Maris na 1933 jam'iyyar Nazi ta sami kusan kashi 44 cikin ɗari na ƙuri'u, kafin ƙarshen yaƙi kuma masu riƙe da katinta sun kai wajen miliyan 8. Masanin tarihi Robert Gellately, wanda ya bincika takardun 'yan sandan ciki na Gestapo da suka tsira a birnin Würzburg, ya nuna a littafinsa na 1990 cewa ma'aikatan ba su da yawa, kuma babban abin da ke kawo musu aiki shi ne tsegumin maƙwabta. Ashe mafi yawan gidaje ba na jarumai ba ne, ba kuma na mahauta ba. Gidaje ne da suka ga albashi ya dawo, suka ɗaga tuta ran biki, suka sayi kujerun maƙwabcin da aka kwashe a gwanjo ba su tambayi inda ya tafi ba. Irin wannan gida shi ya fi wuyar ɗauka a fim, don ba ya yin wani abin kallo.

An yi kusan shekara 40 kafin a tunkare shi gadan-gadan. A 1978 talabijin ɗin Amurka ya nuna Holocaust, wanda ya jera gidaje biyu na Berlin: na likita Weiss Bayahude, da na Erik Dorf, lauya marar aiki wanda matarsa ta tura shi neman abinci a rundunar SS, ya yi ta hawa har ya zama mai tsara kisa daga kan tebur. Da aka nuna shi a Jamus ta Yamma cikin Janairun 1979, kimanin mutum miliyan 20 suka kalla, 'ya'ya suka juya suna tambayar iyayensu. Edgar Reitz ya ji haushi cewa baƙi ne ke ba da labarin gidan ubansa, sai ya mayar da martani da Heimat a 1984, kashi 11, sa'a 15 da ɗoriya, a kan iyalin Simon na wani ƙauye ƙagagge mai suna Schabbach, daga 1919 zuwa 1982.

A nan ya kamata a ɗan daɗe, domin gidan Simon gidan maƙeri ne, kuma mutumin Jiga Makera zai gane kowa a cikinsa. Akwai ɗa mai sanyin hali, Eduard, wanda matarsa mai son girma ta tura shi jam'iyya har ya zama magajin gari. Akwai ɗan mai arzikin ƙauye wanda ya dawo da baƙar rigar SS yana taƙama. Akwai tsohuwa Katharina, wadda ta dubi sababbin motoci da wayar tarho ta ce duk bashi ne, kuma ranar biya tana tafe. Wani yaro mai ido ɗaya ya bi turakun waya har ya ɓulla inda fursunoni ke aikin tilas, mai gadi ya nuna masa yadda ake saita bindiga, ya komo gida abinsa. Zalunci yana gilmawa ta gefen allo kamar yadda ya gilma ta gefen idon mutanen ƙauyen. Masu suka sun ce Reitz ya ba mutanensa uzuri, tun da kisan Yahudawa miliyan 6 bai sami ko kashi guda cikin 11 ba. A ganina sukar tana da ƙarfi, amma ba ta kai ta rushe aikin ba. Wanda ya zauna sa'a 15 a gidan mutane dole ya so su, kuma sai ya so su tukuna zai ji nauyin abin da suka kau da kai daga gare shi.

Finafinan baya-bayan nan da yawa sun koma gidan jiya. The Book Thief na 2013 ya ba mu iyali masu ɓoye Bayahude a ɗakin ƙasa, Unsere Mütter, unsere Väter na shekarar kuma ya ba mu abokai biyar waɗanda yaƙi ya ci, har mutanen Folan suka yi ƙorafin an shafa wa mayaƙansu baƙin fenti don a sassauta wa Jamusawa. Alone in Berlin na 2016 ya fi su gaskiya da abu ɗaya. An gina shi kan labarin Otto da Elise Hampel, ma'aurata 'yan ƙwadago waɗanda suka riƙa rubuta katunan suka suna ajiyewa a matakalar gidaje har aka kashe su a 1943. Katunan sun haura 200, kuma mafi yawansu waɗanda suka tsinta da kansu suka miƙa wa 'yan sanda. The Zone of Interest na 2023 kuwa ya juya dabarar majigi a kan mai kallo: ya shigar da shi lambun Rudolf Höss, kwamandan Auschwitz, yara na wanka uwa na duba furanni, kyamara ba ta tsaya a kan abin da ake yi bayan katanga ba, sai dai kunne ya ji.

Saura gida ɗaya da babu wanda ya shiga. A shekarun da majigi ke nuna kafintan Ingila yana shan shayi, makwabtanmu na Doso da Gaya da Birnin Ƙonni suna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, daga 1940 har Nuwamban 1942, aka tsananta tsaron iyakar da fatake suka saba ratsawa. A wannan gefen kuma, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta shiga ɗibar dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza ta tilas a Jos har 1944, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa aka yi ɗibar, kowannensu yana da iyali, kowannensu ya san gidan da ya nuna. Samarin da aka ɗauka soja kuma, waɗanda Sa'adu Zungur ya yi wa waƙar Maraba da Soja, galibinsu Italiyawa suka yaƙa a Habasha da Japanawa a Bama, a runduna ta 81 da ta 82, suka dawo gida daga Yaƙin Hitila ba su taɓa ganin ƙasar Jamus ba.